Mustang ɗina na buga ƙasa ta baya tun da anka sauke ta, in cire robar aksul ko in yanke?

Ɗan Gesse

Salamu alaikum 'yan'uwa barkanmu da war haka. Don Allah shawara nika nema wurin waɗanda sunka san motocin Amurka da kyau, don abin ya fara damuna ƙwarai. Ina da Mustang GT 'yar 2008 mai injin V8 ɗin nan 4.6, bara na saye ta hannun wani ɗan'uwa da ya shigo da ita ta Kwatano, kuma alhamdulillahi inji da giya ba abin da ke damunsu. Abu guda ne ya tsaya min a rai tun ranar da na ɗauko ta, bayanta ya ɗaga da yawa, tsakanin taya da madigadi sai ka tura dunƙulen hannunka ya shige har da saura, da na sa mata rim 20 kuma sai giɓin ya ƙara fitowa fili kamar motar da anka bari bisa jak.

To wata 2 ke nan na kai ta wani gareji nan cikin Birnin Kebbi na ce ina son a ɗan sauke ta, mai garejin ya ce ai ba sai na sayi komi ba, ya ciro sifirin ɗin baya ya yanke zagaye ɗaya da rabi a kowane, na gaba ya yanke zagaye guda, ya mayar. Wallahi da na gan ta tsaye ranar na ji daɗi har cikin raina, ta zauna daram taya ta cika gurbinta. Amma tun daga fita na san an taɓa wani abu, akwai ɗan tudun rage gudu a bakin titin garejin, a giya ɗaya na hau shi amma sai da na ji dum daga baya har cikin ƙashin bayana. Tun daga nan kullum haka, ko ɗan ramin da da can ban ma san na taka ba yanzu sai ta buga, in kuwa na ɗauki mutum 2 a baya ko na sa buhun shinkafa a but to ba a magana, kamar ana dukan ƙasan motar da guduma.

Abin da ya tsorata ni shi ne ranar Asabar da ta wuce ina dawowa daga Jega da yamma, kafin Kalgo akwai wata kwana da kwaltar ta ɗan yi gargada, ba gudu nika yi sosai ba, ina cikin kwanar tayar baya ta hau gargadar sai na ji bayan motar ya yi tsalle gefe guda kamar an hankaɗe shi, da ƙyar na riƙe sitiyari, Allah ya sa babu mota a ɗayan hannun. Na sauka gefen titi jikina na rawa. Washegari na kwanta ƙarƙashinta da tocilan ɗin waya, sai na ga wata roba ruwan ɗorawa mai kama da soso bisa aksul kusa da kowace taya, wadda ake ce ma bam-sitof, tsakaninta da ƙarfen shasi yatsana guda ne ke shiga da ƙyar, ta hannun direba ma ta tsage tana marmashi, kuma wurin da take bugawa a shasin ya goge ya yi ƙyalli. Na kuma lura tayar baya ta hannun direba ta fi ta ɗayan gefen fitowa waje, har ta fara gogar leɓen madigadi.

Na koma wurin mai garejin ya ce robar ce ke kawo ƙarar a cire ta kawai a huta, wani abokina kuma ya ce a'a a raba ta biyu. Ni dai ban yarda an taɓa komi ba tukuna. Mi kunka gani, cirewa ko yankewa? Kuma ko akwai yadda za a yi motar ta zauna ƙasa-ƙasa yadda nika so ba tare da wanga duka ba?

Yaron Badariya

Oga ka cire ta kawai wlh, ni haka na yi ma Civic ɗina da na sauke ta kuma ƙarar ta ragu sosai, robar ba wani aiki take yi ba illa ta tokare mota. In dai shokokinka na da kyau ba matsala. Batun tayar da ta fito waje kuma ka kai ma masu alaimen su duba maka, ko mai gyaran bodi ya ɗan naɗe leɓen madigadin ciki.

Baba Bakanike Jega

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da arziki, Allah shi ƙara tsarewa. Kwanar da kake faɗi na san ta.

Don girman Allah kar ka bari a cire robar ga. Yaron Badariya ɗana ka yi haƙuri ba don in ƙaryata ka ba, na yarda ƙarar ta ragu a motarka, amma ka je ka leƙa shokokinka na baya yau ɗin nan ka ga ko ba su fara jiƙewa da mai ba. Dukan bai tahi ko'ina ba, wuri ya sake. Shekara 30 da ɗoriya ina kwance ƙarƙashin mota, tun zamanin Fijo 504 ta Kaduna, kuma direbobin tasha masu wagon ɗin nan da ke lodin mutane da buhuna har bisa rufi su sunka koya min darajar wagga roba. Duk wadda robarta ta faɗi mai ita ya ce a bar ta haka, ba a wata 3 sai ya dawo da shoka ta mutu, wani ma kujerar shokar ta sama ta tsage sai mun kira mai walda. Dalili kuwa shi ne aksul in ya taso sama dole wani abu ya tare shi, in babu roba to shoka ce za ta nitse har ƙarshenta fistin ya daki bawul ɗin gindi, in shoka ba ta tare ba to ƙarfen aksul ya daki shasi, ko ya matse bututun salansa da ya bi ta bisansa, ko taya ta ci madigadi kana cikin gudu. Roba ta 'yan kuɗi kaɗan ita ke karɓar dukan duk waɗanga.

Kuma robar ba ita ta yi laifi ba. Masu ƙera motar sun bar sarari tsakanin aksul da shasi don aksul shi samu wurin wasa, sifirin na danne shi a hankali shoka na kwantar da lilon, robar na can sama tana jiran babban rami. Da anka yanke sifirin motar ta sauko, to ina tsawon da ta sauka ya fito? Cikin wanga sarari anka ciro shi. Motarka sifirin ɗin bisa aksul yake zaune kai tsaye, saboda haka in ta sauka inci 2 to kusan inci 2 ɗin ne ka rasa na wurin wasa. Yanzu yatsa guda ya rage maka kuma motar ba kowa ciki, kai ka shiga, mai ya cika tanki, an sa buhu a but, ta riga ta zauna bisa robar tun ba ka tashi ba. Ka ga kenan ba bisa sifirin kake tahiya ba, bisa roba kake, shi ya sa bayanka ke jin komi.

Kafin ka kashe ko kwabo ga abin da za ka yi. Ka samu wuri shimfiɗaɗɗe mai siminti, tanki cike, ka auna tsakanin kan robar da shasi da tef ɗin awo gefe biyun ka rubuta, sannan ka sa mutum 2 su shiga baya ka sake aunawa. Bayan nan ka samu yumɓu mai danshi irin na masu ginin tukwane ka dunƙula kamar ƙwallon goriba, ka manna guda bisa aksul daidai ƙarƙashin bututun salansa, guda bisa kan tukunyar aksul, wani cikin madigadi daidai saman taya, ka zaga unguwa a hankali ka hau tudun rage gudu 2 ko 3, ka dawo ka duba. Kaurin yumɓun da ya rage shi ne sararin da ya rage maka a kowane wuri, wanda ya baje ya koma kamar faifai to nan ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe. Ka zo ka faɗa muna abin da ka gani. Kuma har a gyara, ka bar dogon titi da ita.

Bakabe a Texas

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ma ina da irin motar, tawa 'yar 2012 ce mai 5.0, kuma ƙafar baya ɗaya ce da taka ɗan'uwa, tun daga 2005 har 2014 duk tsari guda ne, aksul dunƙulalle mai haɗe da tayoyin biyu, hannuwa 2 a ƙasa 1 a sama, sai wata doguwar sanda a kwance da ake ce ma sandar Panhard wadda ke hana aksul zamewa hagu ko dama. Sai a 2015 ne Ford ta koma ƙafar baya mai 'yancin kai, kowace taya da wasanta. Na faɗi wannan ne don in kana neman kaya ka san shekarun da za su shiga motarka, kar a sayar maka da na sabuwar.

Abin da ya same ka a kwanar nan ina so in tsaya a kai don shi ne mai kashe mutum, ƙarar ba komai ba ce. In mota ta shiga kwana nauyinta na komawa kan tayoyin waje, sifirin ɗin wannan gefen ya danne. A motar da ke da sarari yana dannewa a hankali taya na manne da kwalta. A taka kuwa kafin ma ka kai tsakiyar kwanar gefen ya riga ya zauna kan roba, da tayar ta hau gargada babu inda aksul zai je, sai ƙarfin ƙafar baya ya ninka farat ɗaya kamar an zura ƙarfe a madadin sifirin, jikin motar ya yi sama tayar ta saki ƙasa, baya ya fita. Ga shi mota ce mai jan baya da doki 300, ga rim 20 da siririyar taya wadda ita ma ba ta shanye komai, ka tuna daga kamfani GT ɗin shekararka da rim 17 ko 18 take zuwa, naman tayar ma wani sifirin ne. In ka cire robar abin da ya faru zai sake faruwa, sai dai wannan karon da ƙarfe, ya fi muni.

Akwai ɗan lissafi da ke nuna dalilin da ya sa yankan sifirin ba ya ɓullewa. Gaskiya ne in ka yanke sifirin yana ƙara tauri, misali mai zagaye 8 masu aiki ka cire 1, taurinsa ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Amma in sararin wasa ya ragu da rabi, kafin sifirin ya iya shanye irin ramin da yake shanyewa da can cikin rabin sararin, sai taurinsa ya ninka sau 4, ba sau 2 ba. To ina 14 cikin 100 ina ninki 4. Ko sifirin ɗin da aka ƙera don saukewa ba ya kai wannan taurin, shi ya sa ake haɗa shi da robar da ta dace su yi aikin tare. Kuma bakin da aka yanke ba ya zama daidai cikin kujerarsa, wani lokaci in taya ta rataya a rami sifirin ɗin na iya gocewa.

Ita robar kanta ba roba ce irin ta taya ba, wani soso ne na foliyuritan mai ƙananan ƙofofin iska a ciki, kuma da gangan aka yi kanta siriri gindinta da kauri, farkon taɓawa da laushi sai ta riƙa ƙara tauri tana matsewa. Wato sifirin ne na biyu. Shi ya sa raba ta biyu da abokinka ya ce ba shawara ba ce mai kyau, in ka yanke rabi ka zubar da duk laushin ka bar dunƙulen mai tauri, za ka samu ɗan sarari amma in ta buga za ta buga da ƙarfi fiye da da, kuma in ta gajarce da yawa shoka na iya kaiwa ƙarshe kafin ita ta gama matsewa. Nan mutane kan rage gaɓa guda ta sama in saukewar kaɗan ce, amma a sabuwa, ba a wadda ta shekara tun 2008 tana shan zafi har tana marmashi ba. Sashen kayan tsere na Ford ɗin kansa na sayar da gajerun robobin da aka yi don Mustang 2005 zuwa 2014 da aka sauke, wasu masu yin sifirin ma na haɗo nasu cikin kwali.

Ni shawarata ka zubar da yankakkun, ka nemi sifirin ɗin saukewa na gaske irin su Eibach Pro-Kit ko Steeda ko H&R, waɗanda ke saukewa wajen inci 1 zuwa 1 da rabi, kar ka je wa masu saukewa fiye da haka, ko nan da titi yake sumul masu su na kuka. Ka haɗa da shoka da ta iya da su, Koni ko Bilstein in aljihu ya yarda.

Tayar da ta fito waje kuma ba aikin masu alaimen ba ne, babu abin da za su juya a dunƙulallen aksul. Sandar Panhard ce. Kanta ɗaya na jikin shasi ta hannun fasinja ɗayan na jikin aksul ta hannun direba, kuma a karkace take, da mota ta sauka sai ta ƙara kwanciya ta tura aksul ɗin gaba ɗaya zuwa hannun direba. Maganin shi ne sanda mai zare wadda ake rage mata tsawo har tayoyin biyu su daidaita. Kar ka bari a bubbuge maka madigadi a banza.

Ɗan Gesse

Baba na gode Allah ya saka da alheri ya ja kwana, yaya na Texas kai ma na gode ƙwarai, wallahi yau na fahimci abin da ya faru da ni a kwanar nan. Na yi awon da Baba ya ce a harabar gidanmu. Ba kowa ciki, hannun fasinja milimita 16, hannun direba 20 amma don kan robar ya gutsure ne. Ƙannena 2 sunka shiga baya, ko takarda ba ta shiga, ta zauna kai gaba ɗaya. Yumɓun kuma na samo wurin wata tsohuwa mai tukwane, na cikin madigadi hannun direba taya ta share shi kakaf, na ƙarƙashin salansa ya baje saura kaurin kwali, na kan tukunyar aksul ya ɗan lotsa amma da saura. Na kuma ga shokar hannun direba ta jiƙe da mai ƙura ta manne mata baƙi ƙirin, da can ba haka take ba.

Yanzu damuwata kayan ga kafin su iso daga waje za a ɗau lokaci ga dala yadda take, akwai abin da zan iya yi na wucin gadi? Wani ya ce min a yanko min roba daga tsohuwar tayar tirela ko a sa min jar robar nan mai tauri da ake sayarwa.

Mai Charger Gusau

Slm jama'a, ɗan'uwa sannu Allah ya kiyaye gaba. Na ga ka ambaci jar roba mai tauri shi ya sa na ce bari in sa baki don ni na sha ta. Tawa Charger ce 'yar 2010, tsarinta daban da naku, ƙafar bayanta kowace taya da hannuwanta, robar kuma ba bisa aksul take ba tana jikin sandar shoka cikin robar kare ƙura, sai ka kwance shokar kafin ka gan ta, shi ya sa da yawa masu Charger da Challenger ba su ma san tasu ta narke ba sai dai su ji mota na bugawa su yi ta canza bushin. Lokacin da na sauke tawa na ga tsofaffin sun zama gari, na sa aka kawo min masu taurin nan dunƙulallu marasa soso don an ce sun fi ƙarko, to ƙarko kam suna da shi amma duk ramin da na faɗa tsakanin Gusau da Tsafe sai na ji shi a haƙorina, sati 3 na cire su. Irin wannan an yi ta ne ta zama katangar ƙarshe a motar da ke da sarari mai yawa wadda sai jefi-jefi take kaiwa can, kamar Hilux, ba motar da ke taɓa roba sau ɗari a rana ba. Ta tayar tirela kuwa ta fi ta muni.

Na wucin gadi a ganina ka nemi sifirin ɗin baya na asali 'yan Beljiyam, ka aika Ladipo a Legas ko Apo a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano in ka dace, ka tabbatar na 2005 zuwa 2014 ne kuma su turo maka hoto da tef ɗin awo a jiki kafin ka biya. Ka mayar da ita tsayinta na da ka ci gaba da hawa lafiya har kayan kirki su iso. Kuma gaba ma an yanke ka ce, kar ka gyara baya kaɗai ka bar hanci a ƙasa, can ma akwai irin robar cikin shokar gaba kuma ita ma tana shan wannan dukan.

Amma yaya na Texas zan ɗan saɓa maka a abu guda, inci 1 da rabi a wurinku daidai ne, a nan ya yi yawa. Ba ramuka kaɗai ba, tudun rage gudun da 'yan unguwa ke ginawa da kansu wani ya kai gwiwar yaro, ga damina in ta zo ta cinye gefen kwalta, ga shiga gida ta bisa kwalbati. Ni yanzu inci 1 na tsaya kuma na koma rim 18, sannan tawa da na sauke tayoyin baya sun kwanta ciki suna cin gefe guda sai da na yi gyara, ku masu dunƙulallen aksul ba ku da wannan matsalar ta baya. In kyan zama kake so, rim 18 da taya mai nama ta fi cika gurbi fiye da yadda kake zato.

Baba Bakanike Jega

Madalla ɗana, yumɓu ya faɗi gaskiya. Shokar ga ta tahi, kuma a canza biyun tare ba guda ba. Maganar Mai Charger ita ce tawa, a mayar da na asali tukuna.

Ranar da kaya sunka iso ga yadda nika so a yi maka, ka tsaya bisa kan mai aikin. A ɗora motar bisa jakuna masu ƙafa na ƙarfe, ba bulo ba ba guntun icce ba, na san wanda mota ta faɗo ma bisa ƙirji saboda bulo. A sa sabbin robobi da sabbin shokoki amma kar a sa sifirin tukuna, a mayar da tayoyi, a sa jak ƙarƙashin tukunyar aksul a riƙa ɗagawa a hankali har robar ta taɓa shasi ta matse sosai. A wannan halin za ka leƙa da tocila, shoka ta rage da saura ba ta kai ƙarshe ba, taya ba ta taɓa madigadi ba ka juya ta da hannu ka ji, salansa da tiyon birki ba abin da ya matse su, farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin giya zuwa aksul, ba ta gogar komi. Sannan a ɗaga gefe guda kaɗai a sake dubawa don a kwana haka aksul ke karkata. Robar ita ya kamata ta fara tarewa kafin kowa. In an ga haka sai a sa sifirin.

Kuma notocin hannuwan aksul da na sandar nan, kar a ɗaure su tamau mota na rataye, a sauke ta ta zauna bisa ƙafafunta sannan a ɗaure, in ba haka ba bushin na murɗe tun ba a tashi ba, wata 6 ya yage. In bayan an gama ka ji wata sabuwar rawa cikin kujera wajen gudu 100, to kwanciyar farfela ce ta sake, hannun sama ake canzawa da mai zare, ka zo Jega in duba maka.

Ɗan Gesse

Jama'a na dawo da bayani. Na samu sifirin na asali guda 4 daga Abuja tare da shokokin baya da robobi 2 masu kyau da anka ciro a wata mota, jiya munka ɗaura a wani garejin daban kuma na tsaya har anka yi gwajin da Baba ya ce ba sifirin, na ga da idona yadda robar ke matsewa kamar burodi kafin ta tsaya cak, shoka kuma da sauranta. Da munka ciro yankakkun sai ga na hannun direba ya riga ya goce daga kujerarsa ya ci robar da ke ƙarƙashinsa har ƙarfe ya fito. Tayar da ta fito waje ta koma gurbinta da kanta ba wanda ya taɓa madigadi, kamar yadda yaya ya faɗa.

Yau da safe na bi hanyar Argungu da ƙannena a baya na dawo, sau guda kaɗai na ji ta taɓa roba a wani babban rami kuma taɓawa ce mai laushi ba duka ba. Bayan ya koma sama yadda ba na so, amma zan haƙura har in tara kuɗin na inci 1 da gajerun robobin da sandar mai zare in sa gaba ɗaya. Rim 20 ɗin kuma na sa su kasuwa. Yaya na Texas don Allah in za ka zo gida hutun ƙarshen shekara, robobin da sandar za su shiga akwati? In za su shiga in turo kuɗin tun yanzu.